Rukayya ta cika mana firiza da malam-buɗe-littafi, ku ba ni shawara

Baban Rukayya (Aboabo):
Assalamu alaikum jama'ar Zango. Yau ba maganar ɗinki na zo da ita ba. Wata uku ke nan da makarantar su Rukayya ta kwashe su zuwa dajin Bobiri, can wajen Kubease a hanyar Akra, wai su ga malam-buɗe-littafi. Tun ranar ban sake gane kan 'yata ba. Ta yanka tsohon gidan sauro, ta lanƙwasa wayar rataye kaya, ta ɗaura a sandar share yana, ta zama mafarauciya. In an taso makaranta tana gindin lemon bayan gida, ranar Asabar kuma ta matsa wa yayanta sai ya raka ta gonar kawunsu a Ejisu.

Fil ɗina na shago suka riƙa ƙarewa, har na zargi yaran da ke koyon aiki a wurina, Allah Ya yafe mini. Ashe ita ke kwashewa tana soke ƙwarin a jikin farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin, ta jera su a kwalin takalmi, ta tura ƙarƙashin gado. Jiya ta jawo kwalin za ta nuna wa ƙawarta. Kun san ruwan da aka sha kwanakin nan. Fumfuna ta lulluɓe su fari fat kamar auduga, fil ya yi tsatsa, kiyashi sun cinye jikin, fukafukai ne kawai a zube kamar ƙyallayen da nake sharewa in za a rufe shago. Guda 23 ta ce ta tara. Ko tuwo ba ta ci ba daren jiya.

Yau da safe kuma uwarta ta buɗe firiza za ta ɗauko kifi, sai ga ambulan uku a kan kifin, kowacce da ƙwaro a ciki. Ba sai na gaya muku abin da ya biyo baya ba.

Tambayata biyu ce. Akwai yadda ake ajiye abin nan kada ya lalace? Sannan malamai su gaya mini, kashe su haka ba laifi?

Ɗan Nima:
Wa alaikumus salam. Baba ku turo ta Nima hutu. Muna da kyankyaso da sauro iri-iri, ta tara ko buhu ne, mu za mu biya ta kuɗin mota.

Hajiya Mai Waakye:
Ikon Allah. Yarinya mai shekara 14 tana bin ƙwari a daji, uba kuma yana neman yadda za a adana mata su. Alhaji, a ba ta muciya. Ni da 'yata ce ta sa mini ƙwaro a kan kifi, da ita da ƙwaron duk a waje za su kwana.

Baban Rukayya (Aboabo):
Hajiya, girki kam ta iya, uwarta ba ta wasa da wannan. Abin da ya sa ban hana ta ba, yarinyar da sai an yi da gaske take buɗe littafi, yanzu ita ke karɓar wayata da dare tana neman sunayen ƙwari.

Tsohon Ticha (Tafo):
Salamu alaikum. Alhaji, kada ka hana ta. Na koyar da kimiyya shekara 31 kafin in ajiye alli, kuma na yi wannan haukar tun ina saurayi. Kuskure uku ta yi, duk na yi su kafin a haife ta.

Fil ɗin tela ƙarfe ne mai tsatsa, ga kauri ga gajarta. Akwai fil na musamman na ƙwari, dogo siriri marar tsatsa, yana da lambobi, lamba 2 ko 3 ya ishi yawancin malam-buɗe-littafi. Ba a cika samunsa a kasuwar Kejetia ba, sai ta hannun masu sayar da kayan ɗakin gwaji ko a yi odarsa. Kafin a samu, a nema mata fil marar tsatsa mafi siranta. A tsakiyar ƙirji ake soke shi, wurin da fukafukai suka fito, ba a ciki ba. In buzuzu ne ko danginsa masu taurin baya, a murfin fiffike na dama ake sokewa.

Babbar matsalar ita ce ba ta busar da su ba. Ƙwaro nama ne, in ka rufe ɗanyen nama a kwali cikin damshin Kumasi ka san sauran. Ana yin allon shimfiɗa: farin soso biyu a manne gefe da gefe, a bar 'yar kwata a tsakiya inda jikin zai kwanta. A ja fiffiken gaba a hankali da bakin fil har gefensa na baya ya miƙe sak, ya gitta jikin, a danne da siririyar takarda mai santsi, a kafe takardar da fil a kewaye. Kada fil ya huda fiffike, kada yatsa ya shafa shi, domin wannan garin da ke manne wa mutum a yatsa shi ne launin, ƙananan ɓawo ne a jere kamar kwanon rufi. Sai a bar shi ya bushe. Lokacin hunturu mako ɗaya ya isa, da damina kuwa mako biyu ko fiye. Ni a cikin kabad nake sa allon, in kunna ƙaramin ƙwan lantarki mai ɗumi. Kada a shanya a rana, launi zai koɗe.

Na ƙarshe, kwalin takalmi ƙofa ce a buɗe ga kiyashi. A sami akwati mai rufuwa gam, ko robar abinci mai murfi mai kyau. A kafe ƙwayar kafur a lungu yadda ba za ta yi birgima ta fasa fukafukai ba, a zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ke zuwa cikin sabon takalmi. Teburin da allon ke kai kuma a sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye da ruwa.

Yaron Shago:
Ticha ku taya mu gaya wa Oga ya wanke mu a bainar jama'a. Wata biyu muna shan harara a kan fil.

Baban Rukayya (Aboabo):
Na wanke ku. Koma bakin keke.

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na ga Ticha ya amsa tambaya ta farko, ya tsallake ta biyu, ita ce kuwa ta fi nauyi. Rai ba abin wasa ba ne ko da na ƙwaro ne. A hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya fitar, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe halittu huɗu: tururuwa, da ƙudan zuma, da alhudahuda, da wani tsuntsu da Larabawa ke kira surad. An kuma ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba za a tambaye shi. Abin da ke cutarwa, kamar sauro da kunama, an yarda a kashe. Shi malam-buɗe-littafi wa ya ciza? Yana cikin sha'aninsa a kan fure, a kama shi a soke don a yi ado da shi a akwati. Ban ce haramun ne kai tsaye ba, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Ga waya a hannun kowa, me ya hana ta ɗauki hoto ta bar shi ya tafi?

Hajiya Mai Waakye:
Yawwa Malam. Ku faɗa musu.

Ɗalibar Legon:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ƙarama ce a nan, amma karatun ƙwari nake yi, ku ba ni dama in sa baki.

Malam, gaskiyarku a kan hoto, har fiye da yadda kuke tsammani. Akwai manhaja mai suna iNaturalist, kyauta ce. Mutum ya ɗauki hoto, wayar ta haɗa da wuri da rana, masana daga ko'ina su taya shi gano sunan. Manyan nan masu bayyanannen zane, hoto mai kyau ya wadatar, babu dalilin kashe su. Ni kaina abin da na ɗauka a hoto ya ninka abin da na soke.

Sai dai hoto yana da iyaka. A Ghana kaɗai akwai malam-buɗe-littafi sama da nau'i 900, Bobiri da Rukayya ta je yana da kusan 400. Da yawa daga ƙananan, musamman shuɗayen nan da masu ruwan ƙasa, kamarsu ɗaya a ido, sai an duba a madubin ƙara girma, wani lokaci ma sai an fede ƙarshen cikin namijin kafin a raba su. Na dare kuwa sun ninka na rana nesa ba kusa ba, kuma akwai waɗanda har yau ba a raɗa musu suna ba. Yawanci ba a raɗa wa sabon nau'i suna sai da samfurin da aka ajiye, wanda wani zai iya zuwa bayan shekara 100 ya sake dubawa. Littafin da muke dogara da shi a Afirka ta Yamma, wanda Torben Larsen ɗan ƙasar Denmark ya fitar a 2005, a kan irin waɗannan akwatunan aka gina shi.

Ga misalin da manoma suka sani. Tsutsar nan da ta afka wa masara, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a 2016 ta kuma yi mana ɓarna sosai a 2017, 'yar wani faɗa-wuta ce, irin na daren nan, daga nahiyar Amurka. Muna da namu tsutsotsin masara masu kama da ita. Sai da aka kama, aka duba, aka gwada da samfura, aka tabbatar baƙuwa ce. Yanzu malamin gona yana iya nuna wa manomi alamar: wani zane a goshinta kamar harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin ɗaki kusa da wutsiya.

Malam na Asawase:
'Yata, Allah Ya ƙara basira. Abin da kika kawo hujja ce ga masu bincike irinku. Rukayya ɗalibar ƙaramar sakandare ce da kwalin takalmi. Guda 23 sun mutu, kiyashi sun ci. Wane ilimi aka samu?

Tsohon Ticha (Tafo):
Malam, wannan tambayar ta same ni a inda ke ciwo, bari in faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba.

Akwai akwatuna huɗu a ɗakina, na katako da gilashi, kafinta ya yi mini su tun ban yi aure ba. Sama da ƙwaro 200 a ciki, har yau da kyansu domin ban taɓa barin kafur ya ƙare ba. Wasu a Owabi na kama su, wasu a wani daji da ke bayan makarantar da na fara koyarwa, wanda yanzu gidaje ne da shaguna, ko bishiya ɗaya ba ta rage ba. Shekarun baya wani mai bincike ya zo ya gani. Ya daɗe a tsaye a kan wani mai kore da ja a fiffike, ya ce, "Wannan a ina, kuma yaushe?" Na yi shiru. Ban rubuta ba. A lokacin ina ganin ai ba zan manta ba. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, babu takarda ko ɗaya. Ya rufe a hankali, ya ce suna da kyau, ya sha ruwa ya tafi. Da na rubuta, da akwatin nan shaida ce ta abin da ke rayuwa a dajin da ya ɓace. Yanzu ado ne kawai, yadda Malam ya ce.

Saboda haka Alhaji, kafin fil, kafin kafur, ka saya mata fensir. Duk wanda ta kama, 'yar takarda ƙarama a soke a ƙarƙashinsa a fil ɗaya: gari da unguwa, rana da wata da shekara, sunan wanda ya kama. Da fensir ko tawada marar zuba, ba biro ba. Sunan ƙwaron yana iya jira shekara goma, wani zai gano shi. Wuri da rana kuwa in sun ɓace ba mai dawo da su. Wanda ba za ta rubuta wa takarda ba, kada ta kashe shi.

Malam na Asawase:
To, yanzu ka zo inda za mu iya zama tabarma ɗaya. In akwai manufa, aka taƙaita, ba a tara goma iri ɗaya don gasa ba, maganar ta sauya. Saura yadda ake kashewar. Hadisin Muslim ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. Kada in ji an soke abu da ransa yana shure-shure.

Ɗalibar Legon:
Nan kam Rukayya ta yi daidai, ko da Mama ba ta ji daɗi ba. Firiza ita ce hanya mafi sauƙi, sanyi yana sa ƙwaro ya lafa kamar barci. Masana suna amfani da kwalba mai sinadari, amma ba na son yarinya ta taɓa wannan. Ta ninke takarda mai kusurwa uku, ta sa shi ciki fukafukai a haɗe a sama, ta rubuta wuri da rana a jikin takardar tun a daji, ta sa a roba mai murfi wadda ba a cin abinci da ita, sannan firiza kwana biyu zuwa uku. In ya ƙage ya ƙi shimfiɗuwa, kada ta tilasta, zai karye. Ta sa shi a wata robar da jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa da ɗigon Dettol saboda fumfuna, kada ya taɓa ruwan, kwana ɗaya ko biyu zai yi laushi.

Tsohon Ticha (Tafo):
Ki ƙara da cewa kwana uku na wuta, ba kwana uku na kalanda ba. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na 2015, na sa wani ƙaton buzuzu a firiza, ban lura an ɗauke wuta dare biyu ba. Na fito da shi, na soke, na kwanta. Cikin dare na ji ƙarar-ƙarar a kan tebur. Na haska tocila, ga shi yana juyawa a kan fil kamar fanka, ƙafafu na neman ƙasa. Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi yar.

Malam na Asawase:
Ka ji ko. Ka yi istigfari, Ticha.

Tsohon Ticha (Tafo):
Na yi, Malam, ina kan yi.

Alhaji Export:
Ni ku bar dogon Turanci. Akwai kuɗi a ciki ko babu? Na ji Turawa na saye da dala. In haka ne mu sa yara su cika mana kwali.

Ɗalibar Legon:
Alhaji ku rufa wa kanku asiri. Ba a kama komai a gandun gwamnati irin Kakum ko Bobiri sai da izini a rubuce. Bobiri yana hannun cibiyar binciken daji ta FORIG da ke Fumesua, namun daji kuma akwai sashensu a Hukumar Gandun Daji. Fitar da su waje ma sai da takarda. Baba, ku ja wa Rukayya kunne, in ta koma Bobiri waya kawai za ta riƙe, ragar ta zauna a gida. Bayan gida da gonar kawu, da izinin mai gona, nan ne wurin ragarta.

Direban Kibi:
Ni abin da ke ba ni mamaki, muna ta muhawara a kan guda 23 na yarinya. Ina bin hanyar Kibi kusan kullum. Ku zo ku ga abin da galamsey, haƙar zinariya ta bayan fage, ya yi wa kogin Birim, ruwa ya koma kamar koko. Ga dajin Atewa a saman dutse, shekara da shekaru ana ja-in-ja a kan haƙo ƙasar da ake yin alminiyam da ita. Katafila ɗaya in ta shiga da safe, kafin azahar ta kashe abin da Rukayya ba za ta kama ba har ta tsufa.

Ɗalibar Legon:
Kawu kun taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. A Atewa akwai wani fari mai ɗige-ɗige a bakin fiffike, Mylothris atewa, ba a san shi a ko'ina a duniya ba sai can. An kuma ga Papilio antimachus a dajin, wanda ya fi kowane malam-buɗe-littafi girma a Afirka, faɗin fukafukansa na kai santimita 23, ya fi tafin hannun babban mutum. Da jerin sunayen da masu raga suka tara ake kare dajin in an zauna da hukuma.

Ɗan Nima:
Ku dai can da dajinku, mu a Akra ba ruwanmu.

Direban Kibi:
Da ruwanka kuwa, har a kofi. Densu daga Atewa ya taso, shi ke cika dam ɗin Weija da rabin garinku ke sha.

Ɗan Nima:
Na janye. Amma tayin kyankyaso yana nan.

Malam na Asawase:
Direba, ɓarnar babba ba ta halatta ƙarama. Amma na ji ka.

Baban Rukayya (Aboabo):
Ga mai laifin nan ta karɓi waya, ta ce sai ta yi magana da bakinta.

Ina wuni iyayena, Rukayya ce. Anti ta Legon, na sa hoto biyu a sama. Biyu ne daga cikin na ambulan da Mama ta gani. Dukansu ruwan lemo ne da baƙin kai mai farin ɗigo a fiffiken gaba. Na ɗauka iri ɗaya ne, amma ɗaya yana tashi a hankali kamar ba ya tsoron kowa, na kama shi ba wuya a kan tumfafiya bakin titi. Ɗayan kuwa sai da na faɗi sau biyu. Mata da miji ne?

Tsohon Ticha (Tafo):
Iri ɗaya ne, 'yata. Danaus chrysippus. Ya cika ko'ina.

Ɗalibar Legon:
Ticha ku gafarce ni, ku ƙara buɗe hoto na biyu. Na farko shi ne wanda kuka faɗa: fiffiken baya fari, kamar yadda namu na Afirka ta Yamma suke, da ɗigo baƙaƙe a tsakiya, uku in mace ce, huɗu in namiji ne. Rukayya, ƙirga ki gani. Na biyu ba shi da waɗannan ɗigon a tsakiya, tabo ɗaya ne can gefen gaba. Wannan macen Hypolimnas misippus ce. Mijinta ba ya kama da ita ko kaɗan, baƙi ne da manyan fararen tabo kamar ƙwai, kewaye da shuɗi mai sheƙi.

Abin da kika lura da shi na tashi, shi ne ainihin labarin. Tsutsar na farko ganyen tumfafiya take ci, ta tara dafin farin ruwan nan a jikinta, har bayan ta zama mai fiffike. Tsuntsun da ya ci ɗaya zai yi amai, ba zai sake ba. Shi ya sa yake yawo a hankali, ya san ba mai taɓa shi. Ita ta biyun ba ta da wannan kariyar, rigar wancan ta ara.

Tsohon Ticha (Tafo):
Na buɗe, na sa tabarau. Gaskiyarki. Kama da wane ba ta wane. Ta ruɗi tsuntsu, ta ruɗi tsohon malamin kimiyya.

Baban Rukayya (Aboabo):
Ta ƙirga, huɗu ne, wai namiji. Tana ta tsalle a tsakar gida.

Goggo ta Yalwa:
Ni ban iya wannan boko ba, jikata ke rubuta mini. Alhaji kai tela ne, ka manta da zaren tsamiya? Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗinkin hannu yake yi wa manyan riguna, fatake ke kawo masa zaren daga ƙasar Hausa. Ruwan ƙasa-ƙasa ne, ba ya sheƙi kamar alharini, amma riga ta mutu aikin yana nan. Ya ce mana tsutsa ce ke saƙa shi, su taru da yawa su yi gida ɗaya kamar jaka, a dafa da toka, mata su kaɗa. To ashe kakanninmu ma sun san ƙwaron da za a nema da wanda za a bari.

Ɗalibar Legon:
Goggo Allah Ya ƙara lafiya. Tsutsar faɗa-wuta ce, dangin da ake kira Anaphe. Yarabawa na saƙa tufafin da suke ce wa sanyan da irin wannan zaren. Haka a arewacin ƙasar nan da Burkina ana cin tsutsar kaɗanya da damina, ita ma ta wani babban faɗa-wuta ce.

Baban Rukayya (Aboabo):
Goggo kun tuna mini. Maigidana da ya koya mini aiki yana da wata riga mai aska takwas da aikin tsamiya, sai sallah yake fito da ita. Ban taɓa kawo wa raina daga ƙwaro zaren ya fito ba, na ɗauka daga bishiyar ne.

Ɗan Nima:
Tsaya, mene ne faɗa-wuta kuma? Mu duk malam-buɗe-littafi muke cewa.

Tsohon Ticha (Tafo):
Na dare, wanda ke zagaya fitila har ya faɗa ciki. Ƙaramin da ke cin kaya a adaka shi ne asu. Hanyar rabewa mai sauƙi, dubi ƙahonnin nan biyu sirara na kansa. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan kulki a ƙarshe kamar kan ashana. Na faɗa-wuta kamar zare ne ko kamar gashin tsuntsu. Na rana yakan haɗe fukafukai a sama in ya sauka, ya buɗe ya rufe, daga nan sunan ya fito. Na dare yakan kwantar da su kamar rufin ɗaki. Ba kullum ba, akwai faɗa-wuta masu yawon rana. Rukayya in tana son ganinsu, ta shanya farin zani a bango ta haska shi da fitila a daren da babu farin wata, ta zauna da waya. Ba sai ta kashe ko ɗaya ba.

Malam na Asawase:
Shi ne wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratul Ƙari'a, ranar da mutane za su zama kal farashil mabsus, kamar faɗa-wuta a warwatse. Wanda ya taɓa ganinsu a jikin fitila bayan ruwan sama ba ya bukatar dogon tafsiri. Wannan na zanin na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni ma zan zo kallo.

Hajiya Mai Waakye:
Malam har da ku? Shi ke nan, an cinye mu.

Ɗalibar Legon:
Rukayya, ga aikin da zan ba ki tunda kuna da lemo a bayan gida. Duba saman ganyaye masu taushi, za ki ga wani abu baƙi da fari kamar kashin tsuntsu. Ba kashi ba ne, tsutsar Papilio demodocus ce, babban nan baƙi mai ɗigon rawaya. In ta girma takan koma kore shar. Taɓa ta a hankali da tsinke, za ta fito da wani ƙaho mai reshe biyu daga bayan kanta, da wari kamar ruɓaɓɓen lemo. Ki sa ta a roba, ki rufe da ƙyallen gidan sauro, sabon ganye kullum, ki share kashin, ki jingina ɗan kara a ciki. Za ta ɗaure kanta a karan da zare ta zama ƙwanso, bayan kamar mako biyu ya fito, yawanci da safe. Ki rubuta ranar kowane sauyi a littafi. In fukafukan sun bushe ki kai shi gindin lemon ki buɗe.

Baban Rukayya (Aboabo):
Mun zauna da uwarta bayan isha'i. Ga yadda aka tsaya. Robar ƙwari ɗaya tak a firiza, a can ƙasa, nesa da kifi, kuma in ta sake ganin ambulan tsirara za ta zuba a kwata. Iri ɗaya guda ɗaya, wanda hoto ya isa a bar shi. Ba takarda, ba fil. Ticha, in kun yarda zan kawo ta Tafo ranar Asabar ta ga akwatunan nan, ta kuma ga yadda ake shimfiɗawa, don bayanin kwata da soso ya fi ƙarfina a rubuce.

Tsohon Ticha (Tafo):
Ku zo bayan la'asar. Ina da sauran fil lamba 2 kusan rabin fakiti, zan ba ta. Ta zo da fensirinta.

Malam na Asawase:
Ni dai har yanzu na fi son na lemon da na zanin. Na fil ɗin, ku da Allah.

Baban Rukayya (Aboabo):
Ta fita da tocila yanzun nan ta dawo, wai ta sami kashin tsuntsu uku a ganye, biyu suna motsi. Na ukun ta shafa, na tsuntsun ne na gaske. Anti ta Legon, tana tambaya ko biyun za su zauna a roba ɗaya ko sai an raba musu.